Naira faɗuwa ta yi ko karya ta aka yi?

A tsakiyar watan Yunin 2023 ne, bayan sallar isha'i, muna zaune a bencin mai shayin unguwarmu, rediyonsa na rataye a jikin ƙusa. Mai karanta labarai ya ce darajar naira ta faɗi a kasuwar canji ta hukuma, dalar da ake bayarwa a kan naira 460 da 'yan kai ta haura 650 a wuni guda. Wani dattijo, tsohon tela da ciwon ido ya sa shi ajiye keke, ya dire kofinsa a kan tebur.

"Faɗuwa kuma? Tuntuɓe ta yi ko santsi ne ya kwashe ta? Su ce sun karya ta mana, wa zai dake su?"

Mai shayi ya ce, "To Baba, ai duk ɗaya ne."

"Ina fa ɗaya! Yaro in ya faɗi, sannu ake yi masa. In karya shi aka yi, sai an nemo wanda ya yi."

Aka yi dariya aka shiga wata hirar, amma ni maganar ta tsaya mini a rai. Dattijon bai taɓa zama ajin tattalin arziki ba, sai dai kunnensa na Bahaushe ya ji abin da mai fassara a gidan rediyo ya tsallake. Hausa ba ta da kalma guda tilo ta rasa daraja. Daraja takan faɗi, takan karye, takan ragu, takan zube. Kaya sukan yi kwantai, kuɗi sukan rasa auki. Duk wadda mutum ya ɗauka a cikinsu, ya riga ya amsa tambaya biyu ko bai sani ba: wa ya jawo, kuma akwai ranar dawowa ko babu.

Ita kanta daraja aro ce daga Larabci, kuma a can asalinta matakala ce, irin ta bene ko ta mumbari, kowane taki daraja guda. Shi ya sa hawa da sauka suka dace da ita, a ɗaga darajar mutum ko a sauke ta. Ƙima ma daga can ta zo, ita ce abin da masana abu za su yanke masa in an ce su duba, kamar yadda ake tara dattawa da dillalai su yi wa gida ko gona ƙima ranar rabon gado. Farashi kuwa baƙo ne na baya-bayan nan, daga Turanci, kuma duk cikin ukun shi ne marar zurfi: abin da aka yi sallama a kai yau a kasuwa, shi ke nan. Bahaushe ya daɗe da sanin ukun ba ɗaya ba ne. Je ka wurin masu littattafai a Kasuwar Kurmi ka ɗaga Alƙur'ani, ba za ka ce nawa ne farashinsa ba, sai dai nawa ne hadiyyarsa. Takarda da tawada ake biya, abin da ke ciki ya fi ƙarfin ciniki.

A bakin 'yan kasuwa faɗuwa tsohuwar kalma ce, ta girmi rediyo da jarida. In ɗan tireda ya ce "na faɗi a kayan nan", yana nufin ya sayar ƙasa da yadda ya saro, riba ba ta zo ba har uwar kuɗi ta taɓu. Wanda ya taɓa bi ta Kwanar Gafan, kan hanyar Kano zuwa Zariya, a tsakiyar kakar tumatir ya ga faɗuwa da idonsa. Kwanduna jere har bakin titi, manoman Kadawa da kewaye duk sun tsinko a rana ɗaya, rana na dukan kaya, ga shi tumatir ba ya jiran gobe. Da safe manomi na cewa albarka, kafin la'asar shi ke bin dillali yana cewa a dai kawo abin da ya sauƙaƙa. Wani lokaci kuɗin kwando da na mota sun fi abin da ke cikin kwandon. Ba wanda ya zauna ya ƙulla wannan, kaya ne suka fi masu saye yawa. Kuma kowa a wurin ya san da zarar damina ta kankama tumatir zai koma sai mai hali, uwargida ta koma wa busasshe da na gwangwani. To haka faɗuwa take, ba ta nuna kowa da yatsa, kuma a cikinta akwai sa ran tashi.

Sai dai a kula, faɗuwa iri biyu ce ke yawo a labarai, kuma gaba suke da juna. In aka ce farashin masara ya faɗi, magidanci hamdala yake yi. In aka ce darajar kuɗi ta faɗi, farashin masarar ne zai tashi. Sikeli ne, gefe ɗaya ba ya sauka sai ɗayan ya ɗaga.

Karyawa kuwa sai da hannu. Ɗan kasuwan da bashi ya matsa masa yakan karya farashi ya sayar, maƙwabtansa na harararsa don ya ɓata musu kasuwa. In kuma aka ce Alhaji wane ya karye, maganar ta wuce faɗuwa a kaya ɗaya, jarin ne gaba ɗaya ya tafi, karayar arziki ke nan. Karaya tana ɗoruwa, amma sai an yi jinya, kuma ba kasafai ƙafa ke komawa yadda take ba.

Da wannan ma'ana 'yan jarida suka ɗauko "karya darajar kuɗi", wato hukuma ta tsayar da canji a wani adadi, sannan ta tashi da gangan ta sauke shi. Babu misalin da ya fi na sefa fitowa fili. Ranar 11 ga Janairun 1994 shugabannin ƙasashen da ke amfani da ita suka amince a Dakar, tare da Faransa da Asusun Lamuni na Duniya, a raba darajarta biyu. Mutumin Maraɗi ko Damagaram, ko na Garwa da Injamena, ya kwanta sefa 50 na daidai da faran ɗin Faransa guda, ya wayi gari sai ya ba da 100. Takardun da ke ƙarƙashin matashinsa ba wadda ta ɓata, amma a gaban magani da duk wani abin da ake shigowa da shi daga waje rabinsu ya tafi a dare ɗaya. Nan ba mai cewa sefa ta faɗi. An san ranar, an san garin, an san waɗanda suka sa hannu.

Ta naira ta fi ruɗani, don sau da yawa hannun ba ya fitowa sarai. A 1980 dala ɗaya ba ta kai kwabo 60 ba, abin da tsofaffin alhazai ke ba yara labari har yau yara na ɗauka almara ce. A watan Satumbar 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, cikin shirin nan na gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, ta fara gwanjon dala maimakon yanke mata farashi, kafin shekara ta zagayo dala tana wajen naira 4. Zamanin Janar Sani Abacha aka daskare canjin hukuma a naira 22, alhali a bayan fage ta haura 80. A Yunin 2016 aka saki canjin hukuma, dala ta tashi daga naira 197 ta koma sama da 280. A Yunin 2023 Babban Banki ya ce ya haɗe kasuwannin canji, duk yadda mai saye da mai sayarwa suka daidaita shi ne farashi, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500.

To wa ya fi gaskiya, dattijo ko mai karanta labarai? A ganina kowa ya kama gefe. Ka ɗauka bangon ƙasa ne da damina ta jiƙa ya karkace, mai gida ya tokare shi da itace shekara da shekaru. Ranar da ya gaji ya zare itacen, bango ya zo ƙasa. Mai gida zai rantse bai ture shi ba, kuma bai yi ƙarya ba. Wanda bangon ya danne wa akuya zai ce da hannunka ka zare, shi ma bai yi ƙarya ba. Itacen shi ne dalar da Babban Banki ke fitarwa daga asusunsa yana sayarwa da rahusa don canji ya tsaya. Ruwan da ya jiƙa bangon kuwa sananne ne. Kusan duk dalar da ke shigowa gwamnati ta ɗanyen mai ce, alhali ana neman dala don alkama, magani, kayan gyaran mota, injuna, kuɗin makaranta da na asibiti a waje, har da tataccen mai shekaru masu yawa. Ga kuma nairar da aka yi ta ƙarawa a gari ba tare da kaya sun ƙaru ba. Bashin da gwamnatin tarayya ta ci kai tsaye daga Babban Banki ya kai naira tiriliyan 22.7 lokacin da majalisa ta amince a mayar da shi bashin dogon zango a 2023. Naira ta yi yawa, dala ta yi kaɗan, labarin tumatir ɗin Kwanar Gafan ne ya dawo, sai dai wannan karon naira ce a cikin kwando. Abin da ya sa nake ɗan karkata wajen dattijo shi ne jami'ai sun fi son "faɗuwa" don ba ta da mai laifi, kuma tana sa mutum jiran tashi. Tumatir yana tashi duk damina. Naira takan ɗan farfaɗo na wasu watanni, amma tun 1986 ba ta taɓa komawa matakalar da ta baro shekara goma baya ba.

A titi kuma ba ka cika jin ko ɗaya daga cikin biyun ba. A Wapa, inda 'yan canjin Kano suke, "dala ta tashi" ake cewa, ko "ta sauko". Naira ita ce ƙasar da muke tsaye a kai, shi ya sa ba ma jin tana nutsewa, sai dai mu ga dala na yin sama. Daga Wapa maganar ta bazu har mai sayar da rake ya ce maka dala ta tashi, ka ce masa rake daga Amurka ake kawo shi? Ana yi masa dariya, amma ba shi da cikakken laifi: takin da aka zuba wa raken, da tayar motar da ta ɗauko shi, da maganin da zai saya wa ɗansa, duk suna da ƙafa a cikin dala. Inda yake kuskure shi ne ɗora komai a kanta. Cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 ya ninka kuɗin mota tun kafin a taɓa canji, rashin tsaro ya hana noma a wurare da dama. Duk waɗannan suna cikin hauhawar farashin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta auna a kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Darajar kuɗi a gaban kuɗin waje abu ɗaya ne, darajarsu a gaban mudun gero wani abu ne dabam, ko da yake suna tafiya tare kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai.

Wannan ta biyun, ta gaban mudu, kalmarta mafi kyau daga madafa ta fito, kuma ban ji masanin da ya ƙirƙiro wadda ta fi ta ba. Auki. Shinkafa mai auki ita ce za ka zuba gwangwani biyu ta cika tukunya ta ciyar da gida. Garin da ba shi da auki kuwa ka tuƙa mudu guda yara su tashi suna kallon tukunya. Da matan gida suka ce "kuɗin yanzu ba su da auki", sun gama bayanin da littattafai ke cika shafi a kai. Dubu goma tana nan dubu goma, lambar da ke jikin takarda ba ta canza ba, amma ledar da za a dawo da ita daga cefane ce ta motse. Wasu sukan ce ba albarka, sai dai albarka ta haɗa da yadda aka samo kuɗin da abin da ke tsakanin mutum da Ubangijinsa. Auki kuwa ana iya auna shi da kwano.

A gwada shi a kan mafi ƙarancin albashi. A 2011 an yanke naira 18,000, lokacin dala na wajen 155, wato sama da dala 110. A 2019 aka mayar da shi 30,000, wajen dala 83. A Yulin 2024 aka kai shi 70,000, da canjin lokacin bai kai dala 50 ba. Sau biyu ana ƙarin albashi, lamba ta kusa ninkawa huɗu, auki ya koma ƙasa da rabi. Ma'aikacin da ya ce an yi masa ƙari amma bai gani ba, ba butulci yake yi ba.

Abin ba yau ya fara ba, harshenmu cike yake da gawarwakin kuɗi. Ita kanta kalmar kuɗi jam'in wuri ce, ɗan farin ƙwanson nan na teku da kakanni suka yi ciniki da shi, suna ƙirga zambar, suna ɗura dubu ashirin a keso guda. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a Kano a 1851, wuri 2,500 ke daidai da dalar azurfa guda. A tsakiyar ƙarni na 19 ɗin nan 'yan kasuwar Turai suka gano wani irin wuri mai araha a gaɓar Zanzibar, suka riƙa lodo shi jirgi-jirgi suna juyewa a gaɓar Afirka ta Yamma, har ta kai ɗaukar kuɗin ya zama jidali, sai an yi hayar 'yan dako ko jakuna kafin a biya abu mai tsada. Wuri ya ƙare a jikin kayan ado da kayan bori.

Waɗanda suka gaje shi ma sun bi sawu. Anini goma ke kwabo, kwabo uku taro, shida sisi, tara nai, goma sha biyu sule, sule ashirin fam. Da naira ta shigo ranar 1 ga Janairun 1973, fam ya zama naira 2, sule ya zama kwabo 10. Kakata har ta koma ga Allah da fam take lissafi, in ka ba ta naira ɗari sai ta ce fam hamsin, ta ƙulle a bakin zane tana sa albarka kamar ka ba ta saniya. Yau yaro ɗan shekara ashirin bai taɓa riƙe sisi ba, amma zai ce maka ba shi da ko sisi, ko ya ce abu bai kai anini ba. Sunayen sun rayu ne a matsayin ma'aunin babu. Murtala, naira 20 da ta fito a 1977 tana takarda mafi girma a ƙasar, yanzu ko almajiri ka miƙa wa sai ya dube ka. Jaka ta fi ba ni mamaki. A Nijeriya fam ɗari ce, naira 200, kuɗin da a da in an ce mutum ya mallaka sai a gyara zama. A Nijar jika sefa dubu ce. Wajen 2012 sefa dubu ba ta wuce naira 300 da 'yan kai ba, a 2024 ta kai wajen 2,500. Kalma guda, Hausawa guda, a kasuwar Jibiya ko Maigatari, amma jikar wancan ɓangaren ta haɗiye jakar wannan sau goma sha biyu. Dalili kuwa, tun 1999 sefa na ɗaure da kuɗin Turai na yuro, kusan 656 a kan guda, ba ta motsa ba.

Kaya kuwa raguwa darajarsu take yi, a hankali, kamar sabulu. Sayi waya sabuwa dal a Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, ka ɓare kwali, ka tsallaka shagon da ke kallon wanda ka saya ka ce za ka sayar. Ta riga ta zama ta hannu, sai an zaftare maka wani abu, ko da kira ɗaya ba ka yi da ita ba. Mota ma haka, da an yi mata lamba ta fita daga sabuwa, in ta sha hanya a ce ta ji jiki. Masu lissafin kamfanoni ba sa jiran ranar sayarwa, duk shekara sukan cire wani kaso daga ƙimar inji ko mota su rubuta shi cikin abin da aka kashe, ko da kwabo bai fita daga aljihu ba. Wannan ne lissafin da yawancin masu sayen adaidaita sahu su ba yaro ba sa yi. A ce ka saye ta naira miliyan 3, kuma shekara uku za ta yi kafin ta zama sai gyara kullum. Kowace shekara miliyan guda ke narkewa, wajen naira 2,700 a kowace rana. In yaro na kawo maka balas ɗin 5,000 kana cinyewa duka da sunan riba, fiye da rabi uwar kuɗinka kake ci. Ranar da injin ya buga za ka ce tsautsayi ne.

Shekarun nan sun zo da wani abin da ya rikita wannan lissafi. Mutum ya sayi mota a 2021, ya more ta shekara uku, ya sayar a 2024 sama da yadda ya saya, yana ta murna ya ci riba. Bari ya koma neman irinta. Motar ta tsufa kamar kowace mota, naira ce ta riga ta gudu. Shi ya sa mai 'yan kuɗi ya koma zuba su a fili, ko gwal, ko buhunan hatsi, ko ɗan maraƙi a bayan gida. Ba duka don neman riba ba ne, gudun narkewa ne.

Akwai kuma kayan da ba abin da ya same su, lokaci ne kawai ya juya musu baya. Ka je turken raguna kwana uku bayan Babbar Sallah. Rago yana nan yadda yake ranar jajiberi, ƙaho, ƙiba, gashi fari tas, sai dai ranakun layya sun wuce. Na taɓa tsayawa wurin wani mai raguna da ya taho daga ƙauye, ya rage masa guda huɗu, yana zaune a kan buhun dusa da ya kusa ƙarewa. Ragon da na ji ya ƙi sallamawa ana gobe Sallah, da na taya da wasa ƙasa da haka nesa, sai ya ce, "Alhaji, ƙara wani abu dai, kada in koma da su." Kwantai ke nan, wasu su ce bandaro. Ɗan'uwansa shi ne wucewar yayi. A Kantin Kwari leshin da ake rububi bara, bana yana can ƙasan shago ana neman mai ɗauka ko da faɗuwa, zarensa ko ɗaya bai tsinke ba. Abin takaici, mun ɗauki kalmar tumatir da raguna mun ɗora wa 'ya'yan mutane, a ce wance ta yi kwantai don ta kai wasu shekaru ba aure. Wannan amfani da kalmar ya fi faɗin halin mai maganar a kan na wadda ake yi da ita.

Mutum dai darajarsa zubewa take yi, kuma duk cikin kalmomin ita ce mafi muni. Abin da ya faɗi a ɗauka, abin da ya karye a ɗora, amma mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Galibi kuma mai abin ne ke yi da hannunsa, shi ya sa ake cewa ya zubar da girmansa, ya zubar da mutuncinsa. Dattijon da aka kama yana rigima da yara a kan abin da bai taka kara ya karya ba, sai a ce girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki. Wani lokaci ba laifin komai, yawan gani ne: ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Idan ka ji mai sharhi ya bar "faɗuwa" ya ce darajar naira ta zube, ya aro kalmar mutunci ne ya ba kuɗi, kuma ya cire rai.

Inda duk waɗannan suke haɗuwa su cije shi ne bashi. Masu adashi sun riga kowa ganewa, yanzu kowa kwasar farko yake so, don mai kwasar ƙarshe adadin da ya zuba zai karɓa cif, amma ba abin da ya zuba ba. Malamai sun daɗe da tattauna mas'alar. Mafi rinjaye sun tafi a kan a biya bashi da irin abin da aka karɓa, adadi da adadi, don ƙari a kan rance ƙofar riba ce, kuma haka majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tsayar a zamanta na Kuwait a 1988. Tun da can kuma akwai irin su Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa, da suka ga a duba ƙima in ƙananan kuɗin da aka yi mu'amala da su sun canza. Abin lura, inda shari'a ta yanke adadi da kanta da zinariya ta ɗaure shi: nisabin zakka dinari 20, mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari, diyyar rai dinari 1,000. Shi ya sa ake ta sabunta sanarwarsu da naira, lambar na hawa, alhali dinarin bai ƙara nauyi ba.

A 2022 na ranta wa wani ɗan'uwana naira 200,000 zai ƙara jari, a kan wata shida. Ranar da na ba shi, kuɗin za su sayi buhun shinkafa shida. Wata shida ya zama shekara biyu, kasuwa ta yi masa nauyi, ni kuma na kasa buɗe baki. Wata Juma'a a ƙarshen 2024 sai ga shi da sallama, ya durƙusa ya zaro ƙunshi daga aljihun gaba, 'yan dubu-dubu a ɗaure da kyauro.

"Yaya, ga amanarka. A ƙirga. Allah ya saka da alheri, ka yi haƙuri da ni."

Na ƙirga a gabansa don ya nace, guda ɗari biyu cif, ko ɗaya ba ta ɓace ba. Bai ci mini kwabo ba, kuma na san sai da ya matse kafin ya haɗa su. Na ce Allah ya yi albarka, ya ƙara rufa asiri, na raka shi har bakin zaure. Washegari na tafi kasuwar Singa da kuɗin a aljihu, na dawo da buhu biyu a bayan adaidaita da ɗan canjin da bai kai na uku ba. Uwargida ta leƙo ta ga ana saukewa, ta ce, "Sauran suna hanya ne?"